Damagaram: Ciwon damuwa bai kama matashin tsohon soja da dattijo iri ɗaya ba

Idan aka ce tsohon soja a Damagaram, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne dattijo mai furfura, da lambobin yabo a ƙirji, yana jiran fansho. Sai dai yaƙi da Boko Haram ya samar da wani rukunin: matasa masu shekara talatin da 'yan kai, waɗanda rauni ko sallama ta dawo da su gida.

Zinder garin bariki ne tun da Faransawa suka kama shi a 1899, kuma shi ne babban birnin Nijar har 1926. An ɗebi 'yan Nijar zuwa Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Indochina da na Aljeriya. Bayansu akwai waɗanda suka yi fama da tawayen arewa a shekarun 1990 da kuma daga 2007 zuwa 2009. Na baya-bayan nan su ne na fagen Diffa, wanda ya buɗe da harin Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015. A watan Afrilun shekarar, gwamnati ta ce sojoji 46 sun mutu a tsibirin Karamga na tafkin Chadi.

Abin da bincike ya nuna

A Amurka, inda aka daɗe ana bin diddigin lafiyar 'yan mazan jiya, bincike ya sha nuna cewa ciwon damuwa da fargaba sun fi yawa tsakanin matasansu fiye da dattawa. Rahotannin ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin ƙasar sun kuma nuna cewa 'yan shekara 18 zuwa 34 ne suka fi fuskantar haɗarin kashe kansu, duk da cewa a jimilla waɗanda suka haura 55 sun fi yawa cikin masu mutuwa ta wannan hanya.

Dalilan ba baƙi ba ne a Damagaram. Matashin da ya baro Diffa ya dawo da abin da ya gani ɗanye: kwanton ɓauna, nakiyar da aka binne a hanya, gawar abokin da suka ci abinci tare. Ga ƙananan yara, ga kuɗin haya, ga rashin sana'a ban da riƙon bindiga. Ciwon nasa yakan fito a rashin barci, saurin fushi, firgita da ƙarar babur, ko neman sauƙi a ƙwayoyi irin su tramadol.

Dattijo kuwa lokaci ya rage masa zafi, kuma yana da masallaci da majalisa da jikoki. Amma likitoci sun san cewa ajiye aiki, mutuwar abokai da ciwon tsufa na iya tayar da abin da aka binne shekara arba'in. Ba zai ce yana cikin damuwa ba, zai ce kansa na ciwo, ko abinci ya fita masa a rai, sai a ba shi maganin jiki a sallame shi. Waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi sun ƙara da wani takaicin: an daskarar da fanshonsu tun 1959, ba a daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Shirun da ya haɗa su

Abin da ya haɗa rukunonin biyu shi ne shiru. Soja an horar da shi kan dauriya, al'umma kuma tana kiran duk wanda ya je sashen masu taɓin hankali mahaukaci. Iyalai da dama sukan fara da rubutu da ruƙiyya, asibiti ya zo daga baya. Saboda irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, domin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da kula da shi.

Ma'aunin likitoci a bayyane yake: ƙuncin rai ko daina jin daɗin komai kusan kullum har mako biyu ya isa dalilin ganin likita. Wanda kuma ya fara zancen gajiya da rayuwa, yaro ne ko babba, ranar ya kamata a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.