Hasashen damana da cikar kogi ta lokacin sanyi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na El Alasan Mai Rairai, da na ƙasar Mayahi da Tasawa baki ɗaya, kowace shekara in bazara ta yi, kuna jin rediyo yana faɗin yadda damana za ta kasance. Wasu suna yarda. Wasu suna cewa: mutumin da ke zaune cikin biro a Yamai, ina ya san ruwan gonata? Tambayar tana da ma'ana. Bari mu duba abin da hasashen nan yake faɗi, da abin da ba ya faɗi.

Ruwan damanarmu daga teku yake zuwa. Iskar bazara ce take ɗauko laima daga tekun Atlantika, can kudu maso yamma, ta biyo ta Najeriya, ta iso mana. Ƙarfin iskar nan yana bin ɗumin ruwan teku. Shi ya sa masana suke auna ɗumin teku tun watanni kafin shuka. Wajen watan Afrilu ma'aikatan yanayi na ƙasashen Sahel da na bakin teku suna haɗuwa, tare da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban fari. Suna kwatanta shekarar da ke tafe da ruwan shekaru 30 da suka wuce. Daga nan ma'aikatar yanayi ta ƙasarmu ta fitar da namu hasashen.

Ba su cewa ruwa zai sauka ran Talata a garin wane. Kashi uku suke yi: ruwa fiye da yadda aka saba, ko daidai yadda aka saba, ko ƙasa da haka. Ku ɗauki misali. An zuba tsakuwa goma cikin ƙwarya: biyar farare, uku jajaye, biyu baƙaƙe. Ka rufe ido, ka ɗauki guda. An fi sa ran fara ce za ta zo hannunka, amma baƙa ma tana ciki. In rediyo ya ce damana mai ruwa ce, nufinsa farare sun fi yawa cikin ƙwarya. Kuma maganar ta babban yanki ce. Kun sani da kanku, hadari yana jiƙa gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa.

Duk da haka kada a rena ta. A watan Afrilu na 2024 taron ya zauna a Abuja, ya ce ƙasashen Sahel su shirya wa ruwa mai yawa da ambaliya. Haka kuwa aka yi. Ran Juma'a 30 ga Agusta, ruwa wajen milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin birnin Damagaram, ginin ƙasa na sama da shekara 150, ya rushe. A ƙasar duka mutanen da suka rasu sun wuce 300, waɗanda ruwa ya shafa sun wuce miliyan ɗaya. Har buɗe makarantu sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba.

Mi ne ne milimita? Milimita ɗaya ita ce lita ɗaya ta ruwa bisa filin da ke da mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. In an yi milimita 10, eka ɗaya, wato hekta, ta sha lita 100.000, daidai da tano 500 masu lita 200. A nan arewacin Mayahi, ruwan shekara duka yawanci tsakanin milimita 300 ne da 400. Ku lissafa: abin da ya sauka a Maraɗi tsakanin lokacin salla ɗaya da wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekararmu.

Akwai kuma wata ambaliya da take ba mutane mamaki, domin ba ta tare da hadari. A Yamai kogin Isa yana cika sau biyu. Cikar farko ta damana ce, Agusta da Satumba. Ruwanta ja ne, domin ƙoramun Burkina da na yammacin ƙasarmu ne suke kwaso jar ƙasa. Cika ta biyu sai cikin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake busawa, leɓe yana tsagewa, ko girgije babu. Wannan ruwan a duwatsun ƙasar Gine ya sauka tun damana. Ya shiga Mali, ya bazu cikin wata babbar fadama tsakanin Mopti da Tumbutu, ya yi watanni yana tafiya a hankali, sannan ya iso.

Tun 1929 ake auna kogin a Yamai. Shekaru da yawa cikar sanyi ce babba, kuma ta farkon 1970 tana cikin mafi girma da aka rubuta. Dattawa su tuna abin da ya biyo baya: shekara uku kawai, sai ga farin 1973 da ya ƙare dabbobi. A 1984 aka yi yunwar El Buhari, a watan Yuni na 1985 kuwa kogin nan ya daina gudu a Yamai. Yanzu abu ya juya, cikar damana ce take yin ɓarna: a 2012, sannan a Satumba na 2020, da ruwa ya fasa madatsa ya ci unguwanni. Dalili ɗaya shi ne an sare itatuwa, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gangara.

A Difa ma haka. Komadugu tana cika bayan damana, da ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are, daga ƙasar Kano da duwatsun Jos. A Oktoba na 2019, hatsi yana shiga rumbu, ta raba mutane sama da 20.000 da gidajensu.

Wani zai ce: mu ina ruwanmu da kogi, ƙasarmu rairai ce, suna ma ya faɗa? Gaskiya ne jigawa tana shanye ruwa. Amma kwari yana karɓar ruwan da ya sauka a tudun da ba ka gani ba. Gulbin Kaba, da ya taso daga Najeriya ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, ya daɗe bai gudu kamar da ba, amma hanyar ruwa ce har yanzu. A shekarun fari mutane da yawa sun yi gini cikin kwari da bakin tabki, domin sun ga wurin a bushe. A ganina nan ne babban haɗarinmu yake. Gidan ƙasa kuma ba sai ruwa mai gudu ya kada shi ba. In gindin bango ya kwana uku cikin ruwa, ya isa.

To, in an ce damana mai ruwa ce, tun bazara a yaɓe soro, a gyara indararo, a buɗe wa ruwa hanya ya fita daga gari. Rumbu a ɗaga shi bisa duwatsu a tudu. A ɗaga bakin rijiya, kada ruwan titi ya shiga, a kuma sa yara cikin gidan sauro. Taki kuwa kada a zuba shi duka sau ɗaya, domin ruwa mai yawa yana tafiya da shi ƙasa cikin rairai, inda saiwar hatsi ba ta kai ba.

In an ce damana za ta makara, ko za ta ɗauke da wuri, a nemi iri mai saurin nuna, kamar HKP na ma'aikatar binciken noma ta INRAN, wanda yake nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka. A ƙara wake. Mai binne ya ajiye wani iri a gida, kada ya zuba duka. Malaman gona suna cewa ruwan shuka na ƙwarai shi ne milimita 20 ko fiye, cikin kwana ɗaya zuwa uku, in dogon fari bai biyo baya ba. Ba a hana kowa duban zuwan shamuwa da lissafin watan bakwai ba, a haɗa su da maganar rediyo.

Ku da kuka koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ga aiki. In garinku yana da ma'aunin ruwa, mutum ɗaya ya riƙe littafi. Kowace safiya bayan ruwa ya duba ma'auni, ya rubuta rana, da wata, da yawan milimita, sannan ya zubar da ruwan. Ya rubuta ranar shuka, da ranar da tabki ya cika, da inda ruwa ya tsaya cikin gari. In garinku ba shi da ma'auni, ku tambayi malamin gona na gundumarku yadda ake samun shi da inda ya kamata a kafa shi: fili, nesa da itace da bango.