Likita Ta Waya: Mafita Ga Masu Ciwon Firgita a Gabashin Sakkwato?

A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni na gundumar Gandi, a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30. A watan Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da rasuwar mutum 43. An yi jana'iza, an kai tallafin hatsi. Sai dai har yanzu akwai matar da barci ya ƙaurace mata, akwai yaron da jikinsa ke ɓari da zarar ya ji ƙarar babur.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana birnin Sakkwato. Manomin da aka raba da gonarsa ina zai samo kuɗin mota, balle a zo ga haɗarin hanya? Ga shi likitocin wannan fanni a Najeriya duka ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Wannan ya sa ake duba yiwuwar ganawa da likita ta waya.

Tambayar farko ita ce ta lasisi. A Amurka kowace jiha ke ba da nata, har sai da jihohi da yawa suka ƙulla yarjejeniyar PSYPACT, wadda ta fara aiki a 2020, kafin masana halayyar ɗan Adam su sami sauƙin duba mutum a wata jiha ta intanet. Najeriya ta huta da wannan, domin hukuma ɗaya, MDCN, ke yi wa likitoci rajista. Likitan Kano ko Zariya na iya duba mara lafiya a Wurno. A kan iyakar ƙasa ne lamarin ke ɗaurewa, saboda ƙa'idar da aka fi bi ita ce dokar inda mara lafiya yake zaune. Bahaushen likita da ke Ingila yana bukatar lasisin gida mai aiki, dubban Sakkwatawan da suka yi hijira zuwa yankin Maraɗi tun 2019 kuwa suna ƙarƙashin dokar Nijar.

Lasisi kaɗai bai isa ba. Tsohuwa a Gandi ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba. Za ta ce gabanta na faɗuwa, kanta ya yi nauyi, ko ta ce iska ce ko sammu, kuma kafin ta nemi asibiti ta riga ta sha rubutu, an yi mata ruƙiyya. Likitan da ya raina wannan ya rasa ta tun a kiran farko. Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikinsa a Aro, kusa da Abeokuta. Binciken Farfesa Oye Gureje a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu magani da masu addu'a. A Wurno wannan ba baƙon abu ba ne: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke garin, ya yi rubuce-rubuce kan magani.

Akwai kuma batun sirri. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, ga suruka da kishiya a tsakar gida. Matar da aka ci wa zarafi a daji ba za ta buɗe baki a nan ba. Shi kansa sabis ba shi da tabbas, domin a Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo.

Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ya rage ga gwamnatin Sakkwato ta ware ɗaki mai ƙofa da waya a asibitocin Wurno, Rabah da Goronyo, ta sa ma'aikaciyar lafiya 'yar yankin, ta haɗa su da likitocin Kware masu jin Hausa.