Me Ya Sa Makka Ta Ke Riga Ankara Shan Ruwa?

Tambayar yau ta shafi kowane mai agogo, ta kuma shafi kowane mai azumi. Mutum ya kan kunna rediyo a zangon Ankara ko Kumasi da la'asar, sai ya ji ladanin Makka yana kiran magariba. Shin rana biyu ce? A'a, rana guda ce. To, me ya kawo wannan bambanci?

Dalili kuwa shi ne, duniya a mulmule ta ke kamar kabewa, tana kuma juyawa daga yamma zuwa gabas, ta kan cika juyi guda cikin sa'a 24. In aka ajiye kabewa gaban fitila cikin ɗaki mai duhu, aka riƙa juya ta sannu sannu, za a ga kullum rabinta ne ke samun haske, rabi na cikin duhu. Haka duniya ta ke a gaban rana. Sabo da haka na gabas su ke riga ganin alfijir, su ne kuma su ke riga shiga dare.

Masana sun zana layuka a taswira daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, kamar zanen da ke jikin kabewa, suka kasa kewayen duniya kashi 360, kowane kashi ana ce da shi digiri. In aka raba 360 gida 24, sai a sami 15. Watau digiri 15 sa'a guda ke nan, digiri guda kuwa minti 4. Tsakanin Makka da Ankara akwai wajen digiri 40, don haka rana ta kan kai tsaka a Makka kamar sa'a 2 da minti 40 kafin ta kai tsaka a Ankara.

A da can kowane gari da nasa lokaci, inuwa a ke dubawa a daidaita agogo. Muddin tafiya ta ƙasa ce, ko bisa doki ko raƙumi, babu wanda abin ya dama. Jirgin ƙasa ne ya tono matsalar. A Ingila, agogon Biristol yana bayan na Landan da minti 10, ga shi kuwa jirgi ba ya jiran kowa, kuma saɓanin minti kaɗan ya isa ya haɗa jirage biyu a kan dogo guda. Tun daga 1847 kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila suka koma bin agogon Landan, a 1880 kuma aka mai da shi doka. Sa'an nan a 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton ta Amurka, suka yarda a fara ƙidayar layukan nan daga Girinic, wata unguwa a Landan inda aka gina ɗakin duban taurari tun 1675. Wannan shi ne asalin agogon GMT da a ke ambata a rediyo. Layin Girinic kuwa ya ratsa ta Tema, kusa da Ankara.

Daga baya kowace ƙasa ta zaɓi sa'ar da ta dace da ita. In ƙarfe 12 na rana ta buga a Ghana, to, ƙarfe 1 ne a Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya, ƙarfe 2 a Sudan, ƙarfe 3 a Saudiyya. Ingila daidai ta ke da Ghana lokacin hunturu, amma a ƙarshen watan Maris a kan tura agogo gaba da sa'a guda, sai ƙarshen Oktoba a mai da shi.

Ga inda ya kamata a yi hattara. Agogo yarjejeniyar mutane ce, rana ba ta san da ita ba. Njamena da Yamai agogonsu ɗaya ne, amma tsakaninsu akwai digiri 13, watau rana ta kan faɗi a Njamena wajen minti 50 kafin ta faɗi a Yamai. Mutumin Yamai da ya sha ruwa don ya ji an sha a Njamena, ya sha da sauran rana. Haka kuma baƙon da ya sauka Jidda ko Landan riƙe da jadawalin sallar garinsu.

Saduwar jirgi da shirin rediyo, a bi agogon ƙasa. Salla da buɗa baki kuwa, a bi ranar garin da mutum ya ke zaune, domin kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.