Noman Fis a Ƙaramin Lambu: Me Za Ka Shuka Bayansa?

'Yan'uwa manoma na Madadi da kewaye, kaka ta wuce, hunturu ya kusa. Tun da aka fara gina madatsun ruwa a Jihar Kano a zamanin Gwamna Audu Bako (1967 zuwa 1975), noman rani ya yaɗu a ƙasarmu. Masu gona kusa da ruwan Guzuguzu a ƙasar Kabo sun sani, masu ɗan lambu a bakin rijiya ma sun sani. Bana da yawa cikin ƙungiyoyinmu suna tambaya a kan fis, wato waken Turawa, wanda ake saye da daraja a kasuwar 'Yan Kaba a Kano. Shawarata ita ce: kada ka shuka fis sai ka san abin da zai gaje shi a wannan fangali.

Fis ɗan sanyi ne. Ba kamar wakenmu na gida ba, wanda yake jure zafi. Lokacin shukarsa shi ne watan Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ni da kaina na taɓa yin latti, na shuka a ƙarshen Janairu. Ya tsiro da kyau, ya yi fure, sai zafin Maris ya sauko, furen ya zube, ban tsinki ko kwano ɗaya ba. Na yi hasarar iri, na yi hasarar ban ruwa.

Ga yadda ake yi. A jiƙa irin ya kwana a ruwa. A zuba ruɓaɓɓen taki a fangali, ba ɗanye ba. A shuka zurfin inci 1 da rabi, tsakanin ƙwaya da ƙwaya inci 3, tsakanin layi da layi ƙafa 2. Idan ya kai tsawon tafin hannu a kafa masa karan dawa ya hau. A ba shi ruwa a gindi, kada ruwa ya kwanta. Wajen mako 9 ko 10 za a fara tsinka, a riƙa tsinka bayan kwana 2 ko 3, gama in kwanso ya tsufa zaƙinsa ya tafi, mai saye kuma ba ya so.

To, lissafa. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba, kafin tsakiyar Fabrairu fangalinsa ya zama fanko. Saura wata 4 kafin damina ta kankama. A nan ne yawancinmu muke yin sake. Muna barin ƙasa a rana, alhali a lokacin ne take da ƙarfi.

Dalili kuwa shi ne, fis dangin wake da gyaɗa ne. Tumɓuke guda ɗaya ka duba saiwarsa, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a manne. In ka fasa ka ga ja-ja a ciki, suna aiki ke nan: wasu ƙwayoyin halitta ne a ciki masu jawo abincin shuka daga iska, irin wanda muke saye a buhun Yuriya. Saboda haka kada ka tumɓuke fis bayan girbi. Yanke shi daga gindi, ka bar saiwa a ƙasa. Harawar a ba awaki, kashinsu ya komo lambu. Amma kada wani ya ce fis ya ɗauke masa zuba taki. Taimako ne yake yi, ba ya isa shi kaɗai.

Abin da ya fi dacewa ya bi fis shi ne mai cin taki da yawa, mai son zafi kuma. Masara ta gashi da aka shuka a Fabrairu za ta nuna a Mayu, lokacin da rumbu ya fara sauka. Alayyafo kuwa cikin mako 4 ko 5 uwargida ta fara yanka, ga miya, ga kuɗin gishiri. Kada a bi fis da wake ko wani fis, gama cutar ruɓar saiwa ɗaya suke ɗauka.

Raba lambunka kashi 4. Bana fis a kashi na farko, tumatir ko tattasai a na biyu, albasa a na uku, karas ko latas a na huɗu. Baɗi kowa ya matsa gaba ɗaya. Ta haka fis ba zai komo wurinsa ba sai bayan shekara 4, tumatir ma haka. Tumatir da tattasai da barkono da gauta dangi ne, kada ɗaya ya gaji ɗaya. In ka ga saiwar tumatir ta kumbura kamar tsakiya, tsutsar ƙasa ce, ba ƙullin alheri ba. Na fis ana iya murje shi da yatsa ya faɗi, wannan kuwa jikin saiwar ne ya kumbura. A irin wannan fangali sai a sa masara ko albasa. Waɗanda suka ga yadda tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 sun san haɗarin dogara ga shuka ɗaya.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. A taron ƙungiya mai zuwa, kowa ya zo da zanen lambunsa a takarda, ya rubuta abin da zai shiga kowane fangali da watan da zai shiga. Sa'an nan mu haɗa kuɗi mu sayi irin fis da na masara tare, tun kafin Nuwamba. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.