Karatun Tsara Birane: Daga Taswira Zuwa Ofishin Gwamna

Duk damina, da an yi ruwa mai ƙarfi a Kano, sai tituna su cika, ruwa ya kutsa ɗakunan mutane. Cike kududdufai na daga cikin dalilan haka. Magabata sun haƙa su ne wajen ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama. Da aka cike su da shara, aka yanka filaye, aka kafa shaguna, sai ruwa ya rasa inda zai nufa. Irin wannan matsala ce ake koyon hangowa tun kafin ta auku a sashen tsara birane da yankuna, wanda ake da shi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano.

Karatun yakan ɗauki shekara biyar. Ɗalibi zai koyi safiyo, zanen taswira da kwamfuta, kimanta ƙaruwar jama'a, da tsara hanyoyi, magudanan ruwa, kasuwanni da maƙabartu. Ana son mai shiga ya ƙware a lissafi da labarin ƙasa. In ya gama, sai ya yi rajista da hukumar rajistar masu tsara birane, wato TOPREC, wadda aka kafa a 1988, kafin a ɗauke shi cikakken gwani.

Sai dai rabin aikin yana ga manufofin gwamnati. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka sa hannu guda na iya mayar da filin makaranta rukunin shaguna, komai kyawun zanen da ke cikin durowa. Abuja ma shaida ce. An kammala babban tsarinta a 1979, gwamnatin tarayya ta tare a can a 1991, amma tsadar gidaje ta kora ƙananan ma'aikata zuwa Nyanya da Mararaba, inda cunkoson safe da yamma ke cinye musu sa'o'i. Shi ya sa ake haɗa wa ɗalibi da darussan doka, tattalin arziki da zamantakewa, domin ya san yadda ake kasafin kuɗi, da biyan diyya, da zama da masu unguwanni kafin a taɓa gidan kowa.

Iyaye da yawa likitanci da lauyanci kawai suke hango wa 'ya'yansu. Garuruwanmu kuwa kullum faɗaɗa suke yi, unguwannin awon igiya na tsirowa babu lambatu, babu hanyar da motar kashe gobara za ta bi. Matashin da wannan ke ci wa tuwo a ƙwarya, ga fannin da ya kamata ya nema.