Sukur: Gadon da Ke Rayuwa a Hannun Manoma

A saman duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, akwai wani gari da sai an yi hawa na gaske kafin a kai shi. Sukur ke nan, wadda mutanenta ke kiran kansu da harshensu Sakun, sarkinsu kuma Hidi. A 1999 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ita ce kuma ta farko da ta samu wannan matsayi a Nijeriya. Tun daga lokacin aka riƙa yi wa Sukur kallon tsohon gini da ake son adanawa. Wannan kallo a ganina kuskure ne. Abin da ya sa Sukur ta zama Sukur aiki ne da ake maimaitawa kowace shekara, kuma ran da masu aikin suka sauka, babu takardar da za ta riƙe dutse a wurinsa.

A dubi gonakin. Gangaren dutse ba ya riƙe ƙasa, ruwan damina ɗaya ya isa ya wanke ta zuwa kwari. Don haka aka yanka gangaren hawa-hawa, kowane hawa aka tokare shi da jerin duwatsu da aka ɗora ba laka ba siminti, sai dai iya zaɓen wane dutse zai zauna a kan wane. Ratar da ke tsakanin duwatsun tana barin ruwa ya tsiyaye a hankali, ƙasa kuma ta tsaya. Wata gonar faɗinta bai fi taku biyu ko uku ba, amma a nan ake samun dawa da gero da wake. Kafin shuka sai mai gona ya bi jerinsa, ya gano inda ya zube, ya tsinto duwatsun da suka gangara, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya kwaso ƙasar da ta sulale ya cike gurbin. Yaro a bayan ubansa yake koyon wannan, da hannu, ba da baki ba. Ƙasar kuwa ba ta gajiya saboda bijimin da ke cikin gida. A Sukur ana gina wa sa ɗaki na dutse da ya nutse cikin ƙasa, a ajiye shi ciki, a riƙa kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba, ya jira biki ko aure. Takin da ya tara shi ake kwasa a kai hawa-hawan nan. Sa, gona, rumbu da masussukar da aka shafe da laka duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in an tsinka wuri guda sauran sai su saki.

Masu cewa tsoro ne kawai ya hau da mutanen nan dutse suna da hujjarsu. Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali har Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927, ya yi ta kai hare-haren kamun bayi a kan mutanen duwatsun nan, kuma littafin da ya riƙa ajiye labarin kwanakinsa ya shaida haka. Amma mai gudun tsira ba ya shimfiɗa hanyar dutse mai faɗi daga gindin tsauni zuwa ƙofar sarkinsa. Sukur gari ne na arziki, arzikinta kuma ƙarfe ne. Ana tara baƙin yashin tama daga magudanan ruwa, a ƙona gawayi, a hura wuta da zuga-zugi a murhun narka, a fitar da ƙarfen da ya zama fartanya a hannun manoman ƙasashen da ke ƙasa. Fatake ne ke hawowa neman Sukur. A nan ma ake saɓani kan matsayin Hidi. Marubutan zamanin mulkin mallaka sun ɗauke shi sarkin tsafi, amma Nicholas David da Judith Sterner, waɗanda suka daɗe suna bincike a garin, sun nuna cewa ƙarfinsa ya fi dogara ga kasuwar ƙarfe. Mutanen gari kuwa suna da nasu labarin, cewa wasu ƙarti masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam ne suka jera manyan duwatsun fadar Hidi. Wanda ya tsaya gaban waɗannan duwatsu ba zai yi saurin yi musu dariya ba.

Narkar tama ta mutu a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da tarkacen ƙarfen motoci ya cika kasuwa da araha. Wannan ya isa darasi: murhun yana nan, ana nuna wa baƙi, amma hannun da ya san aikin ya tafi. Gonakin ma haka za su bi in aka yi sake.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba za a kauce masa ba. Zaman dutse wahala ne. Da rani mata kan yi doguwar tafiya neman ruwa, mai naƙuda da ta gagara sai an sauko da ita a kafaɗa, kayan kasuwa duk a ka ake hawa da su. Matashin da ya koma Sukur ta ƙasa, a gindin dutsen, ko ya wuce Mubi bai yi laifi ba, kuma babu mai ikon ce wa wani ya zauna cikin ƙunci don masu yawon buɗe ido su sami abin ɗauka a hoto. Gaskiya ne. Sai dai wannan ƙorafi yana nuna inda gyaran yake. Noman dutse bai kori kowa ba, rashin ruwa da magani da makaranta mai malamai ne ke korar mutane, kuma waɗannan duk ana iya hawa da su. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram sun hau garin, suka ƙona gidaje da rumbuna, wutar ta taɓa har fadar Hidi. Mutanen suka watse, sannan suka dawo suka sake yin jinka, suka koma gonakinsu. Wanda ya dawo bayan wannan ba ya buƙatar a koya masa son garinsu.

Don haka duk kuɗin da gwamnatin Adamawa da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa za su ware da sunan Sukur, a fara da ruwan sha da ɗakin shan magani a saman dutsen, kafin a zo kan allon sanarwa da masaukin baƙi.