Yaron da Ya Yi Shiru a Aji: Horar da Malaman Ƙananan Yara a Njamena

A makon farko na buɗe makaranta a Njamena, kusan duk sababbin yara shiru suke yi, kuma da dalili. Harsunan hukuma a Chadi biyu ne, Faransanci da Larabcin littafi, amma ɗan shekara huɗu ya taso ne yana jin Larabcin Chadi a titi, a gida kuma Ngambai ko Goranci ko Barbarci ko Hausa, a ƙasar da ke da harsuna fiye da 100. Malama ta ce a tashi da Faransanci, sai yaro ya saci kallon na kusa da shi, ya ga ya miƙe, shi ma ya miƙe. Haka za a yi ta lallaɓawa har kunne ya fara kamawa. To, a cikin masu kwaikwayon nan akwai wanda ba Faransancin ne ya gagare shi ba, sautin ne kwata-kwata ba ya isa kunnensa. Shi ma ya iya satar kallo, ya ma fi kowa iyawa. Yana iya cinye shekara biyu a haka ba wanda ya lura, har a yanke masa hukuncin daƙiƙanci.

Raba waɗannan shirun guda biyu shi ne aikin farko na malamar da aka horar don ta karɓi kowane yaro. Abin da ake nufi da ilimin da ba ya ware kowa shi ne kurma da makaho da gurgu da mai jinkirin fahimta su zauna aji ɗaya da sauran 'yan unguwarsu, makaranta ta gyara kanta ta dace da yaro, maimakon a ce sai yaro ya dace da ita. Ra'ayin ya sami gindin zama a 1994, a taron da UNESCO ta kira a Salamanka ta ƙasar Sifen, inda wakilan gwamnatoci 92 suka amince da shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta mayar da shi wajibi a sashe na 24, Chadi kuwa ta tabbatar da yarjejeniyar a 2019. Kafin nan ma tana da dokokinta: doka mai lamba 16 ta 2006 da ta tsara ilimin ƙasa, ta sa karatu ya zama tilas daga shekara 6 zuwa 16, da doka mai lamba 7 ta 2007 kan kare masu naƙasa. A takarda dai ba a bar komai ba.

Yaran da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Chadi tana cikin yankin da sanƙarau ke yi wa ɓarna lokacin zafi, kuma kurumta na daga cikin abin da yakan bari ga wanda ya tashi. A Disamban 2011 aka yi wa mutum kusan miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, sabuwar allurar rigakafinsa a Njamena da larduna biyu na kusa, cutar ta ja baya sosai, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai ƙyanda, akwai zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, akwai doguwar naƙuda da tamowa, ga ciwon kunne mai zubar ruwa da ake ɗauka ba komai ba ne. Yawancin waɗannan kafin shekara biyar suke kama yaro, wato daidai lokacin da harshe ke kafuwa. Kurman da aka gano yana ɗan shekara uku aka fara masa maganar hannu zai shiga firamare da harshen da zai yi tunani da shi. Wanda sai yana ɗan tara aka gano, an riga an ci shi bashin da wuya a biya.

Sai dai ajin share fagen firamare kansa abu ne na 'yan ƙalilan. Yaro ɗaya ko biyu cikin 100 ne ke samunsa a Chadi, mafi yawa a birane, kuma da dama daga makarantun masu zaman kansu ne, na kuɗi. Don haka duk maganar horar da malaman ƙananan yara dole ta haɗa da malamin ajin farko na firamare, wanda a Chadi ake kira CP1, domin a hannunsa mafi yawan yara ke fara ganin allo.

A nan matsalar take. Ilimin da ake buƙata yana Njamena, amma ya rabu gida uku. Gida na farko shi ne na masu renon yara. An daɗe makarantun renon suna ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata da ƙananan yara, wadda sunanta ya sha canzawa, ba ma'aikatar ilimi ba, kuma a ENASS, makarantar da ke yaye ma'aikatan jinya da ungozoma da jami'an jin daɗin jama'a, ake horar da malamansu. Da Faransanci “jardiniyer” ake ce musu, wato masu lambu. Sunan ya samo asali daga Bajamushe Friedrich Fröbel, wanda a 1840 ya kira makarantarsa lambun yara. Waɗannan sun san lafiyar yaro da girmansa. Gida na biyu shi ne makarantun horar da malaman firamare, ENI, inda ake koyon yadda ake koyar da karatu da lissafi. Gida na uku kuwa ƙananan cibiyoyi ne na musamman, yawanci na mishan ko na ƙungiyoyi: makarantun kurame, cibiyar matasa makafi da ake kira CRJA, da cibiyar Kabalaye inda ake gashin ƙashi da haɗa ƙafar roba da sandar dogarawa. Su ne suka iya maganar hannu da rubutun makafi mai ɗigo shida. Mai reno ba ta iya maganar hannu ba, malamin kurame bai saba da aji mai yara 80 ba, malamin firamare kuma ba a nuna masa yadda ake gane ciwon kunne ba.

Bayan gidajen uku akwai waɗanda ba su shiga ko ɗaya ba, wato malaman al'umma, waɗanda ƙungiyoyin iyayen yara ke ɗauka suna biya daga aljihunsu. An yi shekaru su ne suka fi rabin malaman firamare a ƙasar. Duk shirin da ya tsaya ga ɗaliban kwaleji kaɗai ya tsallake su.

Tarihin gida na uku yana da darasi. Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, jimilla ya bi ƙasashe 13 yana kafa makarantu, har da Chadi, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Dabararsa ita ce ya tara matasa daga ƙasashen renon Faransa a Ibadan, da yawansu kurame, ya horar da su, su koma gida su riƙe makaranta. Shi ya sa maganar hannun makarantun Chadi ta yi kama da ta Amurka. Kurma babba ne ya fi kowa iya koya wa malama maganar hannu, kuma ganinsa a gaban aji yana yi wa iyaye bayanin da lacca ba ta yi. A Kano ma kurame suna da tasu maganar hannun ta gado, wadda ta girmi makarantar kurame ta Tudun Maliki da aka buɗe a 1977.

Me ya kamata malama ta fita da shi daga horo? Kafin komai, ido. A koya mata ta zagaya bayan yaro yana wasa, ta kira sunansa a hankali, ko ta kaɗa gwangwani mai tsakuwa ta dama sannan ta hagu, ta ga ko zai waiwayo. Ta lura da wanda ke kai littafi har hanci, da wanda ke runtse ido in an fita rana, da wanda kan ƙura ido na ɗan lokaci kamar ba ya nan, wanda wani lokaci alamar farfaɗiya ce. Kuma ta yi gwajin da harshen gidan yaron, ko da sai ta nemi wani ɗan ajin ya yi mata tafinta, in ba haka ba ta koma gidan jiya. Ba likita ba ce, kada ta laƙaba wa yaro sunan cuta. Nata shi ne ta rubuta abin da ta gani, ta san ƙofar da za ta tura iyaye.

Sai hannu. Ba a jiran kayan waje. Marfin kwalba ya isa ƙidaya. Harafin da aka yanka daga kwali aka shafa masa gam aka barbaɗa yashi, makaho zai shafa ya gane siffarsa, mai gani ma zai fi saurin riƙe shi. Mai ƙarancin ji a zaunar da shi gaba, inda haske ke faɗa wa fuskar malama, ita kuma ta daina magana tana fuskantar allo. Idan duk ajin suka koyi alamun hannu ashirin, na ruwa da fitsari da zo da zauna da na gode, kurma ya sami abokan wasa. Abin da aka fi mantawa shi ne masai. Yaron da ke rarrafe ba zai shiga masan da yara ɗari suka ɓata ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya zaunar da shi gida, musamman da damina, lokacin da taɓon unguwanni irin su Walia ke kafe keken guragu.

Irin wannan zaman tare ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Makarantar allo, wadda a Chadi ake kiran almajiranta “muhajirin”, ta daɗe tana zaunar da makaho tsakiyar masu gani, ya ɗauki karatu da kunne har ya haddace. Kurma ne ba ta san yadda za ta yi da shi ba.

Abu mafi wuya shi ne magana da gida. A ɗauka malama ta je wani gidan Hausawa, cikin zuriyar mahajjatan da suka yada zango a garin tun ana kiransa Fort-Lamy, kafin a sauya sunan a 1973. Bayan gaisuwa ta ce wa kakar yaron, “Inna, idan kin kira shi daga ɗaki yana tsakar gida, yana amsawa?” Tsohuwa ta ce, “Kayya 'yar nan, taurin kai ne irin na ubansa. Shi ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana.” Malamar da ba ta ƙware ba za ta ce jikanki kurma ne, a rufe mata ƙofa, watakila ma a cire yaron. Wadda aka horar za ta ce, “Allah ya sa haka ne, Inna. Amma mu gwada tare, ki tsaya bayansa ki kira shi.” Idan tsohuwa ta gani da idonta, ita za ta sa uban ya kai shi asibiti. Irin wannan zance ba a koyonsa daga littafi. A wajen horo sai ɗalibai sun yi ta kwaikwayonsa, wannan ta zama kaka, waccan ta zama malama.

Garin kuma yana karɓar wasu yaran masu wani irin shirun. A Disamban 2021 dubban mutane suka tsallako kogi daga Kamaru, ta wajen Kusuri, suna gudun rikicin ƙabilanci, a Oktoban 2022 kuma ambaliyar kogunan Shari da Logon ta kori unguwanni zuwa tantuna. Yaron da ya firgita yakan daina magana ko ya koma fitsarin kwance, kuma bulala ba ta gyara shi.

Yadda ake ba da horon shi ne inda nake da ja. An saba da bitar kwana uku ko biyar a zauren otal: a kawo ƙwararre, a nuna hotuna, a raba takardar shaida da kuɗin mota, a ce waɗanda suka zo su koya wa na baya. Kafin ilimin ya kai hannu na uku ya zama ruwa. Maganar hannu harshe ce, ba a iya ta a mako guda. Abin da ke kama jiki shi ne ɗaliba ta yi makonni tana aikin gwaji a makarantar kurame ko cibiyar makafi, sannan bayan ta kama aiki wani ya riƙa leƙo ta a ajinta, ya zauna baya, a tashi su tattauna kan yaro guda mai suna. Wannan yana cin man babur da albashin mai zagayawa, abubuwan da ba sa yin kyau a hoton rahoto. Sufetoci da shugabannin makarantu su ma sai an horar da su, domin shugaba ne ke tsaye a ƙofa ranar rajista, shi ke cewa “ba mu da wurin irinsa”.

Saura wata 'yar takarda. Mai reno ta yi shekara biyu ta gano cewa wance da kunnen hagu take ji, wane kuma sai an ba shi lokaci kafin ya amsa. Yaran suka cika shida suka wuce firamare, wani gini, wani malami, sau da yawa ƙarƙashin wata ma'aikatar. Idan ba a koya wa malaman biyu rubuta shafi guda da miƙa shi hannu da hannu ba, a watan Oktoba wance za ta sami kanta a benci na ƙarshe, kunnen hagunta yana fuskantar bango.